Tire a Ƙofar Castelfavola

Roccascura, Sicilia
3 ga Yuni, 1997

Zuwa ga 'yar'uwata Ninfa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ki lafiya. Na san sai kin juya ambulan kin duba sunan sau biyu. Ni ce dai, Venera. Adireshinki a wurin ƙaninki Saverio na samu da ya zo hutun Ista daga Jamus, shi ma sai da na yi masa nacin kwana uku.

Mu nan lafiya, sai dai tsufa. Maigidana Onofrio hawan jini ya sa shi a gaba. Likita ya hana shi gishiri, shi kuma ya hana kansa jin maganar likita. Mama, wato Zia Gesualda ɗinki, yayar mahaifiyarki, ta cika tamanin da uku a watan jiya. Ido ya ragu, kunne ya ragu, baki ne dai yana nan daram. Ta ce in tambaye ki ƙafarki ta hagu, ko har yanzu kina jan ta idan kin gaji, yadda mahaifiyarki marigayiya Zia Liboria take yi.

Ga abin da ya sa na rubuto. Jikata Graziella, 'yar ɗana Egidio, ta karɓi Jibin Ubangiji karo na farko a watan Mayu, ni kuma da bakina na yi mata alkawarin kai ta ɗaya daga wuraren wasan nan na arewa da ake nunawa a talabijin. Yanzu gida ya rabu biyu. Egidio yana son Marefesta na bakin teku, matarsa tana son Castelfavola na bakin tafki, yarinyar kuma tana son duka biyun. Saverio ya ce kin yi shekara huɗu kina aiki a na tekun, yanzu kuma kina na tafkin. To wa ya fi ki sani?

Ki gaya mana tsakani da Allah, wanne ya fi? Mu tara ne, har da tsohuwa da mai hawan jini. Akwai inuwa? Akwai wurin zama? Ranar bikin Ferragosto muke so mu shiga, sha biyar ga Agusta, kin kuma san mu, ba ma cin girkin baƙo a wannan rana. Da namu za mu zo, da teburinmu mai naɗewa da kujerunmu.

Na yi na yi da Mama ta zauna a gida, ta ce sai dai a ɗaure ta. Ta ce duk wanda aka zaɓa sai ta gan ki, tana da abin da za ta ba ki hannu da hannu.

Abin da ya wuce kuma ba maganar takarda ba ce, shi ya sa ban taɓo shi ba.

Taki,
Venera


Pontelago
14 ga Yuni

Ƙanena Saverio,

Ina gaisuwa, ina fatan bayan nan naka ya yi sauƙi, kuma kamfanin motocin bai gama cinye ka ba. Ni lafiya lau. Yau ma na fi kowace rana lafiya, kuma kai ka jawo, da ka ba Venera adireshina ba da izinina ba. Na so in zage ka, sai na karanta takardar, na ga ashe alheri ka yi mini.

Shekara goma sha ɗaya ba gaisuwa, ba ko katin Kirsimeti, yau tana neman shawarar inda za ta kai jikarta lilo. Wai abin da ya wuce ba maganar takarda ba ce. To ni zan sa shi a takarda, don kada ka ce ka manta. Ranar da Zio Calogero, mahaifin Venera, ya rasu, Mama ta tashi tun asuba ta gasa taliya 'yar zobe cike da tire, saboda gidan makoki ba a hura wuta kwana uku, dangi ke ciyar da su. Mijin yayarta ne ya mutu, wa ya fi ta cancantar kaiwa? Venera ta tare ta a bakin ƙofa, gaban rabin gari, ta ce ba sa cin abincin gidan da ya haifi mai kashe aure. Laifina ke nan, na bar ƙanin mijin Venera da nake aure saboda na gaji da duka. Mama ta juyo da tiren yana tururi, ta ratsa dandali, ta wuce gaban mazan da ke zaune a shagon kofi, ta wuce famfo. Daga ranar ko coci ba ta ƙara zuwa ba, wata goma sha ɗaya muka binne ta. Ni ma washegarin jana'iza na sa wa gidan kwaɗo na hau jirgi.

Yanzu ka ji gaskiyar wuraren biyu, kai kaɗai. Marefesta don irinmu aka yi shi. A bayan lilunan akwai kurmi guda na dogayen itatuwa, da teburan dutse da famfo, har da wurin gasa nama. Ranar Ferragosto za ka rantse a Roccascura kake, kowace bishiya da tsohuwa a gindinta tana yanka kankana. Nan ya dace da su, ko makaho ya sani.

Castelfavola kuwa, tun bara da aka kawo sabon manaja, ko biredi ba a shiga da shi. Masu gadi huɗu da farar safar hannu ke buɗe kowace jaka, ga manyan durom biyu na shara a gefe. An rubuta dokar a bayan tikiti, da rubutun da sai mai tabarau biyu zai karanta, tallar talabijin kuma ba ta faɗa. Wurin ajiye motoci ya kai tafiyar minti ashirin daga ƙofa, kwalta zalla, ba ko inuwar sanda.

Ka gane ko? Ina so in ga Venera a bakin ƙofa da tire a hannu, mutane suna kallo, wani yana ce mata ta koma da shi. Sau ɗaya tak nake so in gani kafin in mutu. Ba zan yi mata ƙarya ko ɗaya ba, abin da ba ta tambaya ba ne kawai ba zan faɗa ba.

Wai Zia tana da abin da za ta ba ni hannu da hannu. Na san ko mene ne, takardar sayar da gidan kaka ce suke so in sa wa hannu. Shi ya sa aka tuna da ni.

Ka riƙe bakinka. In ka fesa mata, ba ni ba kai.

Yayarka,
Ninfa


Pontelago
14 ga Yuni

'Yar'uwata Venera,

Takardarki ta iso, na gode da tunawa. Ina gaida Onofrio da jiki, ina gaida Zia, ki ce mata ƙafa tana nan yadda ta san ta. Graziella kuma Allah ya raya ta, ban taɓa ganinta ba amma na san za ta yi kyau, danginmu ba mu da mummuna.

Kin nemi gaskiya, ga ta. Marefesta yana da teku, wannan ba musu, amma ku da kuka fito daga tsibiri me za ku yi da tekun wasu? Ruwansa ma a Agusta ɗumi gare shi kamar romo. Da yamma sauro ke karɓar wurin, sauron da ke cizo ta cikin wando. Lilunansu sun tsufa, jirgin 'yan fashin tekun da suke taƙama da shi tun ina can yake ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Suna da manyan kifaye masu tsalle ta cikin zobe, yara na so, amma minti goma sha biyar ne a gama. Sauran yinin layi ne da kiɗa mai fasa kunne. Otal ɗinsu kuma bangonsa siriri ne, idan maƙwabci ya yi atishawa ke za ki share hanci.

Castelfavola daban ne. Kina shiga za ki ga gidan sarki mai hasumiya bakwai, da gada a kan ruwa. Akwai kwalekwalen da ke hawa tudu ya faɗo cikin ruwa, kowa ya jiƙe yana dariya. Akwai jirgin da ke gudu kan dogo ya juya mutum ƙafa sama kai ƙasa, wannan dai a hana Onofrio. Ga ƙaramin jirgin ƙasa mai tafiya a hankali yana zagaye wurin, ya dace da Zia. Ƙarfe biyar ake faretin gimbiyoyi, kuma duk rigar da za ki gani a jikinsu ni na wanke na goge, don ni ke kula da ɗakin tufafin 'yan wasa. Iska tana busowa daga tafki da duwatsu, ba sauro. Inuwa akwai ta a ciki, kujeru ma akwai. Kusa da nan akwai sansanin masu hutu da ɗakunan katako, kowane da ɗan murhunsa, ya fi otal ga mutum tara.

Yarinyar da ta sa farar riga a watan Mayu gidan sarki ya kamata ta gani, ba kifi ba. Kuma nan nake, ba sai kun yi wata doguwar hanya don Zia ta gan ni ba.

Maganar abinci, ku zo da duk abin da kuka saba. Ni dai ba mai mayar da tire ba ce.

Ku iso ƙofa ƙarfe goma, lokacin ne jama'a ta fi cika, an fi jin daɗin shiga.

Taki,
Ninfa


Roccascura
10 ga Yuli

Ninfa,

Muna lafiya, da fatan kina lafiya. Zafi a nan ya fara gasa mutane, Onofrio sai kwanciya a ƙasan siminti.

Na karanta musu takardarki a kan tebur. Da na zo wurin sauro mai cizo ta cikin wando, Onofrio ya yi dariya har ya ƙware, ya ce bakin Ninfa bai mutu ba. Egidio ya ɗan yi gunaguni, amma an gama magana, Castelfavola za mu. Mun kama ɗakunan katako biyu, za mu taso sha uku ga Agusta da motar Egidio da ta surukinsa.

Layin nan da kika rubuta a kan tire, na karanta shi ya fi sau goma. Da farko na ji kamar mari. Na karanta wa Mama, sai ta ce, "Kin ji ko? Ta buɗe mana ƙofa." Har ƙwalla ta yi. To in haka kike nufi, na gode, kin fi ni zuciya.

Tun ranar ta hana kowa sakat. Ta shanya tumatir a kan rufi da kanta, ta aiki Egidio har wurin makiyaya ya sayo cuku, ta ce na kanti ba cuku ba ne. Taliya ma daga nan za mu ɗauko, wai mutanen arewa ba su san 'yar zobe ba. Na ce Mama, hutu za mu ko hijira? Ta ce ba za ta shiga kabari da abin nan a wuyanta ba, in rufe mata baki.

Graziella ta zana miki gidan sarki, na sa a ambulan. Hasumiya tara ta yi, ta ce bakwai sun yi kaɗan.

Sai ƙarfe goma a ƙofa.

Venera


Wolfsburg
1 ga Agusta

Yaya Ninfa,

Gaisuwa. Ki yi haƙuri da jinkiri, baya ya kwantar da ni sati uku, zama ma gagarata yake balle rubutu.

Ban manta ba. Ni na buɗe wa Mama ƙofa ranar da ta dawo da tiren, kuma ni na yi kwana uku ina cin taliyar nan saboda ta ƙi a zubar, ita kuma ta ƙi taɓawa. Har yau ko warinta ba na so. In Venera ce kaɗai, wallahi da na ɗauki hutu na zo na taya ki kallo, har kujera zan kawo.

Amma tsohuwar fa? Ranar tana can ciki a gefen akwatin gawar mijinta, ba ta san abin da ake yi a ƙofa ba. Ita me ta yi miki da za ta tsaya a kan kwalta cikin ranar Agusta? Maganar gidan kaka kuma ban ji kowa ya yi ta ba da na je Ista, rufinsa ma ya rufta, wa zai saya?

Ki buga musu waya a shagon kofi kafin su taso. Ki ce kin manta da dokar. Ki nemi wata hanyar ki rama, zan taimake ki.

Ƙaninki,
Saverio


Pontelago
17 ga Agusta

Saverio,

Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Takardarka jiya ta iso, ka san gidan waya a Agusta. Ko da ta zo da wuri ba abin da za ta canja, don haka kada ka damu.

An yi, kuma na gani da idona. Ka san Zomo Lello, ma'aikacin da ake rufewa cikin kayan zomo daga kai har ƙafa, ya tsaya a ƙofa yana ɗaga wa yara hannu? Ranar Ferragosto ma'aikata sun yi ƙaranci, sai na ce ni zan shiga kayan. Suka ce Ninfa, da shekarunki, cikin wannan zafi? Na ce ni na ɗinke kunnuwansa, ni zan sa. Dokar mai sa kayan biyu ce: ba ya magana, ba ya karɓar komai daga hannun baƙo. Ta wata 'yar raga a bakin zomon ake gani.

Goma da 'yan mintoci sai ga su kamar masu ƙaura. Onofrio da tebur a baya, Egidio da kankana biyu, matarsa da kujeru. Venera a gaba da shuɗiyar rigarta ta zuwa coci, an yi gyaran gashi, tire biyu a hannu ɗaya kan ɗaya. Zia can baya da nata tiren, ɗaure da farin ƙyalle, ta hana kowa riƙe mata.

Mai gadi ya ce, "Signora, ba a shiga da abinci."

Venera ta yi dariya ta ce, "Ai ba na sayarwa ba ne, ɗana, namu ne."

"Ko na waye, ba a shiga da shi."

"Yau Ferragosto fa! Kai ba ka da uwa ne? Buɗe ka gani, har da soyayyar gauta, in yanka maka?"

Ya nuna mata durom. Nan fuskarta ta canja. Ta fara ɗaga murya, "Ina da 'yar'uwa a nan, Ninfa, mai kula da kayan gimbiyoyi, ku kira ta!" Suka buga waya ɗakin kaya, ba kowa. Ina nan taku biyar daga ita, ina rawar zomo. Layi ya taru a bayansu, wani mai gajeren wando ya ce, "Mutanen kudu ke nan, saura su kawo akuya." Aka kwashe da dariya. Wannan kam ta ɗan sosa ni, don ni ma daga can na fito, amma na haɗiye.

Ta ƙi zubarwa. Ta juya da tirenta biyu ta nufi wurin motoci, jama'a na tahowa ita tana ratsa su, kowa na kauce mata yana kallo, wuyanta ya yi ja har kunne. Na bi ta da ido har ta zama 'yar mitsitsiya a kan kwalta. Na ce a zuciyata, Mama, kin gani? Na ji daɗi, Saverio, daɗin da ban ji irinsa ba tun da na bar gida. Graziella ma ta zo ta rungume ni, ba ta san wa ta runguma ba.

Suka shiga daga baya, na ji sun ci sanyayyen biredi da nama a tsaye. Zia ce ta ƙi. Ta ƙi shiga, ta ƙi mayar da nata mota. Ta zauna a kan ɗan dakalin da ke gefen rumfar tikiti, tire a cinya, ta ce wa mai gadi tana jiran wani. Venera ta fito ya fi sau biyar tana lallashi, tsohuwa ko gezau. Ana canja mai kayan zomo duk rabin awa, amma ni na ƙi ba kowa, ina shiga in sha ruwa in dawo. Duk dawowa tana nan.

Wajen ƙarfe huɗu ta miƙe. Ta tako a hankali har gabana, ta miƙo mini tiren da hannu biyu. Ta faɗi wani abu, ban ji ba, kan zomon nan cike yake da soso, ga kiɗa. Rikicin tsufa ne, ta gaji da jira ta ce bari ta ga ko zomo zai karɓa. Na yi abin da aka koya mana, na kaɗa mata yatsa, na nuna allon doka, na gicciye hannuwa. Jama'a suka ɗauka wasa ne, suka yi ta tafi, mai ɗaukar hoton ƙofa ya haska mu. Ta ɗan tsaya, ta gyaɗa kai, ta koma dakalinta. Ƙarfe biyar suka tafi, ko faretin ba su tsaya gani ba.

Takardar gidan kaka dai ba wanda ya kawo. Tun shekaranjiya ban iya cin abinci ba, amma zafin kayan nan ne, kowa haka yake yi.

Ninfa


Roccascura
2 ga Satumba

Ninfa,

Mun iso gida. Onofrio lafiya, yara lafiya. Mama tana kwance tun da muka dawo, likita ya ce rana ce ta buge ta, romo kaɗai take sha.

Mai gadin ya gaya mini dokar tun bara take, don haka kada ki wahalar da kanki da cewa kin manta. Na gane tun ina tsakiyar kwalta. Nawa kason na karɓa. Kowane taku na tuna Zia Liboria, ban kuma ce kin zalunce ni ba. Da a nan kika tsaya, da ni da ke mun yi canjaras.

Amma tire na uku ba abincin Ferragosto ba ne. Ranar da aka binne mahaifiyarki, Mama ta gasa muku abincin makoki. Ba ta san abin da na yi wa ƙanwarta ba sai bayan kwana biyu da faruwarsa, ta je gidanku sau uku ba a buɗe mata ba, sai ta ce to wannan karon da kanta za ta kai. Washegari ta ɗauko tire, ta ratsa dandali, ta tarar da kwaɗo a ƙofarku. Shekara goma sha ɗaya, duk watan Fabrairu, watan rasuwar, sai ta ce ƙanwarta ta mutu ita kuma ba ta ciyar da 'ya'yan da ta bari ba. Abin da take so ta ba ki ke nan. Ta sa na rantse ba zan rubuta ba, wai in kin sani za ki gudu. Ran sha biyar ta tashi da asuba a ɗakin katako ta haɗa shi da hannunta, ta sa Egidio ya kai ta gidan biredi ta roƙi mutumin ya gasa mata. Farin ƙyallen na mahaifiyarki ne, da kin duba da kin ga harafin sunanta a gefe.

Kina tsammanin ba ta gane ki ba? Tun kafin sha biyu ta ja rigata ta ce, "Venera, zomon nan yana jan ƙafar hagu." Na tashi zan zo in fizge kan nan in nuna wa duniya fuskarki. Ta riƙe ni ta ce, "Ƙyale ta ta huce. In ta huce za ta zo da kanta." Ta jira ki awa shida. Da ta ga rana ta karkata sai ta ce bari ita ta je.

Wataƙila ba ki ji abin da ta ce miki ba. Ni na ji, ina bayanta. Cewa ta yi, "Ninfa, 'yata, kada ki hura wuta yau. Na kawo."

Ta hana kowa ci. A cinyarta ya zauna har muka hau jirgin ruwa, can tsakiyar teku ta sa Egidio ya juye shi. Ta wanke tiren da kanta da muka iso.

Na sayi hoton a wurin mai ɗaukar hotonku, ga shi a ambulan. Ya yi kyau, zomo yana murmushi, jama'a na tafi. Kin rubuta mini cewa ke ba mai mayar da tire ba ce, takardar tana nan na adana. Ni na mayar da ɗaya, shekara goma sha biyu ke nan ina ganinsa duk sanda na rufe ido. Na so a ce ni kaɗai ce a danginmu. Ki manna hoton inda za ki riƙa gani kullum.

Ranar da tata ta zo, kuma ba nisa, ƙofarmu a buɗe za ta kasance. Ki zo da tire ko kada ki zo, ni dai ba zan tsaya a bakin ƙofa ba.

Ta san ina rubuta miki. Na tambaye ta ko tana da saƙo. Ta ce yini guda a tsaye cikin wannan kaya bai dace da ƙafar nan ba, ki ɗuma man zaitun ki riƙa shafawa safe da yamma, haka Liboria take yi.

Venera